Tun Ran Gini Ran Zane: Martani ga Mai Neman a Binne Sharaɗin Fili

Malam, na karanta maƙalarka a kan rigingimun gini da suka addabi unguwar Domayo a Marwa, kuma sau biyu na karanta ta, domin maganar ta taɓa gidanmu. Abin da na fahimta shi ne, a ganinka duk wanda ya sayi fili da guminsa, ya karɓi titir fonsiye, wato takardar mallakar fili, da sunansa, ba wanda ya isa ya hana shi ɗora bene, ko fitar da shaguna, ko mai da gidan ɗakunan haya. Ka ce sharuɗɗan da ake sawa a takardar ciniki, da waɗanda ake rubutawa a kundin rabon filaye da ake kira cahier des charges da Faransanci, duk gadon Turawan mulkin mallaka ne. Ka roƙi alƙalai su daina sauraron maƙwabcin da ya zo da irin wannan ƙara, tunda Marwa na bukatar ɗakuna, Garwa ma haka.

Ban yi shakkar niyyarka ba. Duk wanda ya taɓa raka ɗalibi neman ɗaki a Marwa ya san ƙuncin da kake magana a kai. Sai dai maganin da ka kawo zai ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne, ya bar marar ƙarfi da cizon yatsa, kuma zan faɗa maka dalili.

Mu fara da kuɗi, tunda da shi ka kafa hujja. A ce wani dattijo yana da fili mai faɗi, ya yanka shi huɗu, ya sayar da uku, ya zauna a na huɗun da iyalinsa. Ya ce da masu saye: gidan zama za ku gina, ba mashaya, ba bene mai leƙa tsakar gidana. Suka yarda, aka rubuta, aka sa hannu. Kowa ya san filin da aka ɗaure da irin wannan sharaɗi ba ya yin kuɗin filin da aka sake. Dattijon ya haƙura da wani ɓangare na kuɗinsa don ya sayi kwanciyar hankali, mai saye kuma ya samu rangwame saboda alkawarin da ya ɗauka. To idan bayan shekara biyar ya sayar wa wani ɗan kasuwa a farashin filin da ba sharaɗi a kansa, me ya sayar? Ya haɗa da abin da ba nasa ba. Ya karɓi rangwame a wajen dattijo, ya kuma karɓi kuɗin karya alkawarin a wajen ɗan kasuwa. Kai da kake cewa a girmama gumin mai saye, ina ka ajiye gumin dattijon?

Wannan ce hujjar da wata kotu a Ingila ta tsaya a kai a 1848, a shari'ar Tulk da Moxhay. A 1808 Tulk ya sayar da lambun da ke tsakiyar dandalin Leicester a Landan bisa sharaɗin za a bar shi fili, ba za a yi gini a kansa ba. Lambun ya yi ta sauya hannu har ya zo ga Moxhay, wanda ya san da sharaɗin amma ya ce ba da shi aka ƙulla ba. Alƙali Cottenham ya hana shi ginin, ya ce farashin farko ya sauka ne saboda sharaɗin, don haka zalunci ne a bar mai saye ya juya washegari ya sayar da tsada kamar babu shi. Mu nan Arewa ba dokar Ingila ke aiki a kanmu ba, ta fi shafar 'yan'uwanmu na Bamenda da Buya. Amma kundin dokokin farar hula da muka gada daga Faransa ya isa wuri guda ta tasa hanyar: sashe na 1134 ya mai da yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida doka a kan waɗanda suka ƙulla ta, sashe na 686 kuma ya ba masu filaye damar ɗora wa wani fili nauyi don amfanin wani filin. Bahaushe ya riga su taƙaita zancen da ya ce alkawari kaya ne.

Sai batun cewa abin na Turawa ne. Nan ne na fi jin zafin maƙalarka, kuma sai na ba ka labarin gwaggona.

Gidanta na cikin lungunan Domayo, nesa kaɗan da babban titi. Gida ne irin na da: zaure, tsakar gida mai faɗi, darbejiya ɗaya a tsakiya, madafa a kusurwa, makewayi marar rufi a bayan ɗakuna. Mijinta, Allah ya jiƙansa, shi ya yanka wa wani abokinsa gefen filin, da sharaɗin ba za a ɗora bene ba. Abokin ya riƙe amana har ya koma ga Allah. Magada suka sayar. Wanda ya saya ya zuba dakin, ya ɗora hawa biyu, tagogi shida suna kallon tsakar gidan gwaggo. Ka san zafin Marwa a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, ɗaki ya zama tanda, kowa ya fito da tabarma waje. A bazarar farko bayan ginin, gwaggo da jikokinta mata a cikin ɗaki suka riƙa kwana. Ta sa aka ja tamfol a kan makewayi, aka kafa zana a gaban madafa. Matar da ta shekara arba'in tana tsefe kai a gindin bishiyarta ta koma ɗaura lulluɓi kafin ta je ɗiban ruwa a randa. Ba wanda ya taɓa ko taku ɗaya na filinta, takardarta na nan yadda take, amma gidan ya daina zama nata. Da na je gaishe ta, abin da ta ce da ni shi ne: "Ɗana, yanzu a kasuwa nake kwana."

Wane Bature ne ya koya wa gwaggo wannan kunyar? Tun zamanin Modibbo Adama alƙalan Marwa da Garwa da littattafan Malikiyya suke hukunci, kuma babin cutar da maƙwabci ta hanyar gini tsohon babi ne a cikinsu. A ƙarni na 14 an yi wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya kuma tattara hukunce-hukuncen a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. A ciki akwai batun tagar da ke leƙa gidan wani, da ƙofar da aka buɗe daura da ƙofar maƙwabci, da hayaƙin tanda, da indararon da ke zuba a katangar wani. Malaman mazhabar sun ruwaito ma'aunin da ake dangantawa ga Sayyidina Umar: a ajiye gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya, in ya hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta. Ko a al'adance, magininmu na gargajiya ya san ba a juya indararo gidan wani, mai hawa soro gyara kuma yakan yi sallama da ƙarfi don matan maƙwabta su kintsa. Waɗannan al'adu ma sharuɗɗan gini ne, rubuta su ne kawai ba a yi ba, domin a lokacin kunya da jauro sun wadatar.

Abin da ya zo daga Turai a wannan babi ma ya gaza namu tsauri. Sashe na 678 na kundin farar hula ya ce tagar da ke kallon filin maƙwabci kai tsaye sai ta ja baya da mita 1 da santimita 90 daga iyaka, sashe na 679 kuma ya sa santimita 60 ga wadda ke kallo a karkace. An yi wannan awon a 1804 don gidajen Faransa, inda rayuwa ke cikin ɗaki. Mu rayuwarmu a tsakar gida take: girki, wanki, shanya, wankan jego, kwanan bazara. Mutumin da ke hawa na biyu, ko ya ja baya da mita biyar, yana ganin abin da ke cikin tukunyar maƙwabciyarsa. Giɓin da dokar Faransa ta bari shi ne sharaɗin ciniki ke cikewa. Idan aka bi shawararka aka soke sharaɗin, abin da zai rage wa gwaggo shi ne awon Faransa zalla. Ka ga ke nan wanda ke neman raba mu da gadon Turawa ya bar mu da shi kaɗai a hannu.

Akwai inda ka yi gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. An yi amfani da dokar fili an ware mutane. A Duwala Jamusawa sun ƙwace filayen bakin kogi, suka tura 'yan ƙasa New Bell, suka bar tazarar kilomita guda tsakaninsu da unguwar Turawa, kuma Rudolf Duala Manga Bell da ya ja da su an rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. A Amurka an shafe shekaru ana rubutawa a takardun gidaje cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba, har sai da iyalin Shelley suka sayi gida a St. Louis a 1945, maƙwabta suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a 1948 cewa ba kotun da za ta tilasta irin wannan sharaɗi. Mu ma kada mu wanke kanmu. Akwai masu cewa kada a sayar wa wanda ba ɗan addininsu ba, ko wanda ba ɗan ƙabilarsu ba. A unguwa irin Domayo, inda Bafulatani da Bahaushe da Bagiziga da Batupuri da Bamundang da ɗan Kudu ke shan ruwan famfo ɗaya, inda kiran salla da ƙararrawar coci ke tashi a safiya guda, wannan sharaɗi guba ne. Ina tare da kai a binne shi.

Amma dokar da kanta ta riga ta raba tsakanin biyun. Sashe na 686 da na ambata ya ce nauyin a kan fili ake ɗora shi don amfanin fili, ba a kan mutum ba, kuma kada ya saɓa wa zaman lafiyar jama'a. Gabatarwar tsarin mulkinmu na 18 ga Janairu 1996 ta ba kowa 'yancin zama inda ya so. Ita dai wannan gabatarwa ta ce ba a amfani da haƙƙin mallaka ta hanyar da za ta cutar da tsaro ko 'yanci ko dukiyar wani. Sharaɗin da ya tambayi wane ne kai ya faɗi. Wanda ya tambayi me za ka gina, tsawonsa nawa, ina tagarsa za ta kalla, ina ruwansa zai bi, wannan yana kare Kirista da Musulmi daidai wa daida. Kai ka zuba su a kwando ɗaya, ka ce tunda ɗaya ya ruɓe a zubar da duka.

Mu zo kan ƙarancin ɗakuna. Gaskiya ne tun da aka kafa Jami'ar Marwa a 2008 garin ya cika da ɗalibai da malamai, rikicin Boko Haram ya koro mutane daga garuruwan kan iyaka, Garwa ma ta samu tata jami'ar a 2022. Dole gari ya hau sama, wannan ba musu. Tambayar ita ce a ina, kuma da yardar wa. Domayo fuska biyu gare ta. Akwai ta bakin titi, mai gasasshen kifi da nama da kiɗa har tsakar dare, wadda duk Arewa ta sani. Akwai ta cikin lungu, inda tsofaffi ke shimfiɗa buzu a dakali, yara na karatun allo bayan magariba. Bene mai hawa huɗu a bakin titi alheri ne. Shi dai wannan benen a tsakiyar lungu mai faɗin mita huɗu, ba wurin ajiye mota, ba lambatu, masai ɗaya na ɗaukar mutum sittin, azaba ce ga na ciki da na waje. Sharaɗin da ya ce a bar wani kaso na fili ba gini ba don ƙawa aka yi shi ba. Ruwan sama na bukatar inda zai nutse. Unguwar da sunanta ma daga mayo ya samo asali, wadda ke kwance a gefen Mayo Kaliyawo, ta fi kowa sanin abin da ruwan Agusta ke yi idan aka shafe ko'ina da siminti. Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta hana gini a wuraren da ambaliya ko zaizaya ke barazana, amma ba ta bin kowane lungu tana auna inda ruwan rufin wane zai sauka. Maƙwabta ne ke yin wannan a tsakaninsu, kuma sharaɗi shi ne rubutaccen sawun abin da suka amince da shi.

Ka kuma duba wa ke cin riba idan aka ce kowa ya yi yadda ya ga dama. Bazawarar da ke sayar da ƙosai ba za ta ɗora bene ba. Malamin firamare mai ritaya ba zai ɗora ba. Mai kuɗin rodi da siminti ne zai ɗora, kuma da zarar ya ɗora, gidan da ke ƙarƙashin tagoginsa ya faɗi a kasuwa, domin ba mai iyali da zai so shi. Daga nan sai shi mai benen ya zo ya taya shi da araha. Haka lungu ke fita daga hannun masu shi gida bayan gida, ba tare da an kori kowa da sanda ba.

Na yarda akwai sharuɗɗan da zamani ya wuce. Lungun jiya na iya zama titin kwalta yau, kuma ba hankali a ce gidan da shaguna suka kewaye ta ko'ina shi kaɗai zai zauna a ɗaure. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙasashen da suka daɗe da wannan matsala ƙofa suka yi mata. A Ingila sashe na 84 na dokar dukiya ta 1925 ya ba wata kotu ta musamman ikon sassauta ko soke sharaɗin da ya tsufa, tare da biyan diyya ga wanda zai yi asara. A Faransa gyaran dokar 2014 ya tanadi cewa za a iya sauya takardun rabon filaye idan rabin masu filayen da ke riƙe da kashi biyu cikin uku na faɗin wurin suka yarda, ko kashi biyu cikin uku na masu filayen da ke riƙe da rabinsa. A duka biyun ana kiran maƙwabci a ji ta bakinsa. Irin wannan ƙofa ya kamata mu nema wa filayen da hukumar MAETUR ke rabawa tun kafa ta a 1977, da waɗanda ƙananan hukumomi da 'yan kasuwa ke yankawa. Da wannan ka nema a maƙalarka, da ni ne farkon mai mara maka baya.

Ni a ganina ma ba yawan sharuɗɗa ne ke cika kotunanmu da ƙara ba, raunin rubuta su ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dokarmu ta filaye ta 6 ga Yuli 1974, a sashe na 8, ta ce cinikin fili mai titir sai a gaban noter, wato jami'in tabbatar da yarjejeniya, in ba haka ba ya ɓaci, kuma sayar da filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwa ba shi ma ɓatacce ne. Amma nawa ne daga cinikin da ake yi a lungunan Marwa da Garwa ke isa ofishin noter? Galibi takarda ce a gaban jauro ko lawan, shaidu biyu, a yi fatiha a watse. Sharaɗin mijin gwaggo a irin wannan takarda yake, layi ɗaya da biro. Lokacin da magada suka yi titir suka sayar, layin bai bi filin ba. Sabon mai shi ya ce bai taɓa jin zancen ba, kuma ba mu da abin da za mu ƙaryata shi da shi. Ya kuma ɗaga takardar izinin gini daga ofishin magajin gari, kamar ita ce ƙarshen magana, alhali izinin gini tsakaninka da hukuma ne, ba ya goge alkawarin da ke tsakaninka da maƙwabci. Mu ma mun yi namu sakacin. Muna ganin ana sauke rodi mai kauri, muna ganin ginshiƙan da ba na gidan ƙasa ba, muka yi ta jin nauyin magana har aka zuba dakin. Alƙalin gaggawa na iya dakatar da aikin da ke matakin tushe. Rushe hawa biyu da mutane suka riga suka tare a ciki kuwa abu ne da kowane alƙali zai daɗe yana juyawa.

Saboda haka abin da nake roƙo ya bambanta da naka. Mai sayar da gefen gidansa ya kai sharaɗinsa gaban noter, ya tabbatar an shigar da shi a rajistar filaye yadda zai bi filin duk hannun da ya shiga. Mai saye ya nemi kundin sharuɗɗa ya karanta, ko ya sa a karanta masa, kafin ya ƙirga ko sefa ɗaya. Ofisoshin magajin gari a Marwa da Garwa su riƙa tambayar wannan kundi kafin su ba da izini, su kuma fayyace titunan da aka buɗe wa bene da lungunan da aka bar wa gidajen iyali. Masu zanen gini su tuna akwai dabaru: tagar da aka ɗaga sama da kai tana shigar da iska da haske ba tare da ido ba, baranda na iya kallon titi, matakala na iya samun katanga. Jauro da liman da fasto kuma su shiga maganar ranar da aka kafa turaku, kada su jira ranar da sammaci ya fito. Tun ran gini ran zane.

Malam, ka rubuta cewa fili na mai shi ne, kuma haka ne. Amma kowane fili a Domayo gefe huɗu gare shi, kuma galibi uku daga ciki wani ne ke kwana a bayansu. In ka samu sarari a bazara mai zuwa, ka zo in kai ka ka gaida gwaggo. Za ta shimfiɗa maka tabarma a zaure, domin a nan take karɓar baƙi yanzu. Ka roƙe ta ta bar ka ka shiga tsakar gida, ka tsaya a gindin darbejiyar, ka ɗaga kai ka ƙirga tagogin. Bayan nan sai ka sake ɗaukar alƙalami, ni kuwa zan karanta duk abin da ka rubuta da zuciya ɗaya.